Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarihin Gumin Yara Daga Gonar Gujiya Zuwa Ƙwallon Kanti



Kwanakin baya wani dattijo daga cikin ɗalibaina na ajin dare ya zo mini da ƙwallon da ya sayo wa ɗansa a kasuwar Cadawa. Watansa biyar ke nan da fara haɗa baƙi, ba ya ganin rubutu ya wuce shi. Ya jujjuya ƙwallon, ya nuna mini waɗansu ƴan ƙananan baƙaƙe kusa da bakin da ake hura iska, ya bi su ɗaya-ɗaya har ya fitar da sunan Pakistan. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan ɗinkin hannu ne. Ni baduku ne, na san zaman allura. Wane ne ya zauna ya ɗinka wannan, kuma nawa aka ba shi?"

Na ce, "Baba, tambayarka ta taɓa girgiza manyan kamfanonin duniya." Na ba shi labarin gwargwadon abin da na karanta. Da na ƙare ya yi shiru, can sai ya ce, "Ashe labarin gujiya ne."

Maganar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tsohon yana da gaskiya. Abin da aka yi wa yaran Pakistan a shekarun 1990 an yi irinsa a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji tun kafin a haife su. Bari mu fara da namu, sa'an nan mu leƙa nasu.

Lanho da aikin dole

Tun kaka da kakanni yaron Bahaushe yana aiki. Yakan bi ubansa gandu, ya yi kiwon awaki, ya kori tsuntsaye daga hatsi. Yarinya ta ɗebo ruwa, ta yi reno, ta koyi daka. In yaro ya tasa, akan yanka masa gamana tasa ya noma don kansa. Wannan aiki makaranta ne, gama a cikinsa ake koyon sana'a, kuma abin da aka noma cikin rumbun gida yake shiga.

Da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20, suka zo da abu biyu da suka sāke wa aikin yaro fuska. Na fari shi ne lanho. Suka ɗora shi a kan kowane kai da ke cikin gida, suka ɗora jangali a kan dabbobi, suka kuma ce sai da kuɗinsu za a biya, ba su karɓar wuri. Mai gida da rumbunsa cike yake amma ba shi da ko dala, tilas ya nemi abin da zai sayar.

Na biyu shi ne aikin dole. Akan aiko wa mai gari ya ba da mutum kaza don gyaran hanya, ko ginin bariki, ko dakon kayan kumandan, ba tare da ladan kirki ba. Mutane da yawa suka tsere kudu, ƙasar Katsina da Daura. Ka tambayi kanka, in an tafi da mai gida ana tsakiyar noman fari, wa zai riƙe hauya? Mata da yara ne. Ba a soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai ran 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Feliks Hufuwet-Bwanyi na ƙasar Kwaddibuwa, wanda ya kai ta gaban majalisar Faransa.

Ko makarantar da suka kawo ba ta tsira daga wannan zargi ba. A shekarun 1930 an buɗe makarantun karkara inda yara ke shafe sa'o'i suna noma gonar makaranta, kuma da ƙarfi ake ɗaukarsu. Iyaye suka ga ba ta da bambanci da aikin dole, suka dinga ɓoye ƴaƴansu. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta ko biyar ba su shiga ba.

Zamanin gujiya

Abin da ya ba mai gida kuɗin lanho shi ne gujiya. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga nan ciniki ya buɗe. Turai na bukatar mai don girki da sabulu, jigawar ƙasarmu kuwa tana karɓar gujiya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu manyan kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA sun kafa rassa a Maraɗi. A 1942 aka gina matatsar mai ta SICONIGER. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnatin Jori Hamani ta kafa SONARA ta riƙe fitar da gujiya waje. A shekarun 1960 fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take sayarwa waje daga gujiya yake fitowa, kuma kusan dukkanta a jihohin Maraɗi da Damagaram ake noma ta.

To, lura da yadda cinikin yake tafiya, don nan ne zancen yake. Kamfani yana Faransa. Wakilinsa yana Maraɗi. Wakili ya ba alhaji kuɗi, alhaji ya rarraba wa yaransa, su kuma su kafa sikeli a kasuwannin ƙauye. Mai gida ya kawo buhu, a auna, a biya shi bisa kuɗin da aka yanke tun daga sama. Ba shi da ta cewa a kan farashi. Hanya ɗaya ta rage masa in yana son kuɗinsa su ƙaru, watau ya ƙara yawan buhuna ba tare da ya ɗauki ɗan ƙwadago ba. Wane ne ma'aikacin da ba a biya? Ɗansa da ƴarsa.

Ka zauna da tsofaffin Tsibiri ko Gangara ko Cadakori, za su ba ka labari. Yara ne ke bin bayan manya suna zuba iri. Su ne ke tsinke ƴaƴan gujiya daga harawa, su yi kala a gona. Kafin injin ɓara na hannu ya yaɗu, mata da yara ne ke ɓare ta, a turmi ko da yatsu, har dare, don ɓararriya ake saye. Ba wanda ya rubuta sunayensu a littafin kamfani. In da ka je Marsai ko Bordo ka tambayi mai matatsa, sai ya rantse maka bai taɓa ɗaukar yaro aiki ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma man da yake sayarwa da arha, gumin yaron Gazawa na ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka zancen fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna a Turai wajen ɗinka safar hannu da takalma masu tsada. Mai sa takalmin bai taɓa jin labarin ƴar yarinyar da ta yi kiwon akuyar ba.

Ƙarshen abin bai yi daɗi ba. Wajen 1967 Faransa ta daina sayen gujiyarmu a kan farashin alfarma da ta saba. Fari ya biyo baya, ya tsananta a 1973. A 1975 ɗarɓa ta faɗa wa gonaki da cutar kuturtar gujiya, amfanin shekarar ya lalace. Gwamnati ta juya ga yuraniyom na Arlit, kamfanoni suka nemi mai a wani wuri. Yaran da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan tarin gujiya suka wayi gari magidanta, ƙasa ta gaji, ciniki ya mutu, ba su kuma iya rubuta sunansu ba. Waɗansunsu su ne ke zaune gabana da dare, da furfura, suna koyon baƙi.

Ƙwallon Siyalkot

Yanzu mu koma kan tambayar baduku. Kamfanin Nike na ƙasar Amurka ya fara a 1964 da wani suna, ya ɗauki wannan suna a 1971. Dabararsa ita ce ya zana kaya, ya yi talla, amma ya ba waɗansu kwangilar ɗinkin a ƙasashen da lada ke da arha. Ya fara da Japan, ya koma Koriya ta Kudu da Taiwan. Da ladan ma'aikata ya tashi a can, sai aiki ya ƙaura Indunusiya da Sin da Biyetnam. Sauran manyan kamfanonin kayan wasa ma haka suke yi.

A 1992 wani Ba'amurke mai bin haƙƙin ma'aikata, Jeff Ballinger, ya buga takardar albashin wata mata mai ɗinka takalman Nike a Indunusiya. Ladanta na yini dalar Amurka ɗaya ce da ɗan abin da ba a rasa ba. Amma abin da ya fi ta da ƙura ya fito a watan Yuni 1996, sa'ad da mujallar Life ta buga hoton wani yaro ɗan shekara 12 a Pakistan, yana zaune a ƙasa yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike.

A lokacin nan garin Siyalkot da ƙauyukansa ne ke ɗinka kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwallayen ɗinkin hannu na duniya. Ƙwallo ɗaya ƙyalle 32 ne, 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar. Da allura biyu da zare mai kakin zuma ake haɗa su, ana matse su tsakanin gwiwoyi. Gwani yakan gama uku ko huɗu a yini. Kamfanin waje ya ba masana'antar Siyalkot kwangila, ita ta yanka ƙyallaye ta ba dillali, dillali ya ɗora a babur ya rarraba gida-gida a ƙauyuka. Lada kuwa bisa ƙwallo ake biya. Uba ya ga in hannu ya ƙaru kuɗi za su ƙaru, sai ya miƙa wa ɗansa allura. Binciken da aka yi a 1996 ya ƙiyasta yara wajen 7,000 da ba su wuce shekara 14 ba suna wannan aiki.

Ka ga abin da dattijon nan ya gani? Sikeli ne da buhu, sai dai an sāke musu suna.

Da farko kamfanin ya ce masana'antun ba nasa ba ne, don haka ba ruwansa. Mutane ba su karɓi wannan amsa ba. Ɗaliban jami'o'in Amurka da na Turai suka tashi, suka ce ba za su sayi kayan ba. A watan Nuwamba 1997 kuma wani rahoton sirri ya fita fili, ya nuna a wata masana'antar takalma a Biyetnam tururin gam da ma'aikata ke shaƙa ya ninka abin da doka ta yarda sau fiye da ɗari a waɗansu ɗakuna, mafi yawan ma'aikatan kuwa ƴan mata ne.

Abin da aka gyara, da abin da ya gagara

Ran 14 ga Fabrairu 1997, a birnin Atlanta na Amurka, ƙungiyar ƴan kasuwar Siyalkot da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka sa hannu a kan yarjejeniya. Aka ce a ɗauke ɗinki daga gidaje a kai shi rumfunan da aka rubuta, inda masu bincike za su iya faɗowa ba sallama. Aka buɗe wa yaran ajujuwa. A watan Mayu 1998 shugaban Nike, Phil Knight, ya tsaya gaban ƴan jarida a Washinton ya yarda cewa sunan kamfaninsa ya ɓaci, ya kuma ce daga ranar ba za a ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a masana'antar takalma, ko wanda bai kai 16 ba a ta tufafi. A 2005 kamfanin ya bayyana sunayen masana'antu fiye da 700 da ke yi masa aiki. A 2006 ya yanke hulɗa da babban mai ɗinka masa ƙwallo a Siyalkot, domin an gano har yanzu ana fitar da ɗinki zuwa gidaje.

An sami ci gaba, amma kada ka ɗauka an ƙare. Da aka ɗauke ɗinki daga gidaje, mata da yawa da ba sa fita suka rasa abin hannunsu. Waɗansu yara suka koma wurin gasa tubali ko wurin wasa ƙarafan asibiti, inda ba mai leƙawa. A Bangaladash ma an ga irin wannan. A 1993, don tsoron wata doka da ake shirin yi a Amurka, masu masana'antun tufafi suka sallami yara wajen 50,000 cikin ɗan lokaci. Da aka bi sawunsu, aka tarar da waɗansu suna fasa dutse. Sai a 1995 aka yi yarjejeniyar da ta ba yaran makaranta da ɗan kuɗin wata. Ran 24 ga Afrilu 2013 kuma ginin Rana Plaza, mai cike da masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka tufafi, ya rufta a can Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu.

Darasin a bayyane yake. Korar yaro daga wurin aiki ba ta wadatar ba. Muddin ladan uban bai isa ci da gida ba, kuma babu ajin da zai karɓi yaron, wani aikin zai koma, watakila wanda ya fi na farko muni. Ingila kanta, da ta yi doka a 1833 ta hana masaƙu ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, sai da ta haɗa da masu bincike da sa'a biyu ta karatu kowace rana, kuma duk da haka ta ɗauki shekaru masu yawa kafin abin ya kau.

Mu dawo gida

Bisa ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF, yaran da ke aikin da bai dace da su ba sun ragu daga miliyan 246 a 2000 zuwa miliyan 138 a 2024. Amma cikin waɗannan, wajen miliyan 87 suna Afirka kudu da Sahara, kuma shida cikin goma na dukkansu a gona da kiwo suke. Watau yau nauyin abin a wuyanmu yake.

Dubi aya. Ƙasar Agye da Gazawa ta yi suna wajen nomanta. Ana kai ta Najeriya, wata har ƙasar Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Kai ma ka san yadda ake haƙarta. A ƙone ganyen, a tone ƙasa, a yi ta tankaɗe cikin ƙura da toka tun safe har la'asar. A gonakin da na ziyarta bisa tiya ake biyan lada, kuma na ga uwa da ƴaƴanta uku a kan rariya ɗaya, ƙaramin bai wuce shekara bakwai ba, yana tari. Lokacin nan kuwa an riga an koma makaranta tun watan Oktoba. Sa'ad da nake koyon aikin malanta an tura ni gwaji wani ƙauye, na ga aji mai yara sittin ya koma ashirin da ƴan kai har aka ƙare kaka. Yaron da ya rasa wata biyu na farko, da wuya ya kamo ƴan'uwansa. Shekara ta biyu ya maimaita aji, ta uku uban ya ce ba shi da kai, ya cire shi.

Dubi zinariya kuma. Tun da aka gano ta a Jado a 2014 samari ke ta kwarara arewa. A 2021 ta ɓulla nan kusa, a ƙasar Ɗan Isa, ran 7 ga Nuwamba na shekarar rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Zamfara, a 2010, gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida ta kashe yara wajen 400. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa zinariya da gishiri da kanwar Nijar cikin jerin kayan da ake samarwa da aikin yara.

Doka kuwa akwai ta. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 138 kan shekarun fara aiki a 1978, da mai lamba 182 kan ayyuka mafi muni a 2000. Kundin dokar aiki na 2012 ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Amma mai binciken gwamnati ba zai zo gonarka ba. Kai ne mai binciken gidanka.

Ina iyakar take?

Na san abin da za ka ce: "Malam, so kake yaro ya tashi malalaci?" A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni ma da kiwo na tashi. Amma ga tambayoyi huɗu da za ka auna aikin ɗanka da su.

Na ɗaya, aikin yana hana shi zuwa makaranta, ko yana sa shi gyangyaɗi a aji?

Na biyu, yana taɓa lafiyarsa? Ƙura, maganin feshi, rami, kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, tallan dare a tasha.

Na uku, a gaban idonka yake yi, ko ka miƙa shi ga wani ya tafi da shi ci rani, inda ba ka san abin da ya ci ba balle inda ya kwana?

Na huɗu, yana koyon wani abu da zai riƙe shi gobe, ko kuwa hannunsa kawai ake so don ya fi na babba arha?

In amsa ta yi nauyi, ka nemi mafita tare da maƙwabta. A taron iyayen yara ku yi magana da malamai kan makonnin kaka, ku raba wa yara aikin da za su iya bayan an tashi da ranakun hutu. Ku da kuke da ƙungiyar manoma, ku riƙe ayarku da riɗinku a ma'aji ku sayar tare sa'ad da farashi ya tashi, maimakon kowa ya kai wa dillali nasa ranar da aka haƙa. Ku mata masu asusu, ku ware zubi ɗaya don littafi da alli. Kai mai babbar gona da ke ɗaukar ƴan ƙwadago, ka biya uwa ladan da zai sa ta bar ɗanta a aji. Kai kuma da ka koyi lissafi, ka tsaya kan sikeli ka karanta da idonka, gama duk tiyar da aka cuce ka, a jikin ɗanka za ka nemi cikonta.

Dattijon nan baduku ya gaya mini yana ɗan shekara takwas uban ya ɓoye shi cikin rumbu ranar da aka zo ɗaukar ƴan makaranta, domin gujiya ta nuna. Bai zargi uban ba, ya ce lanho ne ke bisa kansa. Yanzu yana da shekara sittin da wani abu, yana zaune kan tabarma da allo yana koyon abin da jikarsa ta sani tun tana aji biyu. Ya ce in rubuta wannan, kuma in an buga shi da kansa zai karanta wa mutanen garinsu, ko da zai kwana uku yana haɗa baƙi.

To, ga shi na rubuta. Kai ma in ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.